Man Nobe da Ƙafar Baffa

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Ba ni na ba shi ba. Da wannan zan fara, kuma ko gaban alƙali aka kai ni haka zan faɗa.

Na iso ruga da hantsi. Mota daga Damagaram zuwa Magariya, kabu-kabu zuwa Dantchiao, sauran na tako da ƙafa ta cikin gonakin da aka gama yankan gero. Goggo Fadi ce ta sa aka kira ni jiya, wai in zo ƙafar Baffa ta ɗan kumbura. Na san "ɗan" ɗin Goggo. Shekarar da saniya ta take ta har haƙarƙarinta biyu suka karye, cewa ta yi ta ɗan bugu.

Shekara shida ke nan Baffa na fama da ciwon sukari, yana shan ƙwayar asibiti safe da yamma. Sati uku da suka wuce ƙayar aduwa ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama, wajen kiwo. Sai yau nake jin cewa tun ƙarshen watan jiya ya aje ƙwayar. Man nobe yake sha, ɗigo uku cikin madara, kuma shi yake ɗigawa a kan ciwon. Man da na tatsa da hannuna don ɓerayen labo, ɗakin gwaje-gwajenmu.

Ban ga ƙafar ba. Ina zan gan ta? Ni ce 'yarsa ta fari. Tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, ban taɓa zama inda yake zaune ba. Goggo, yayarsa, ita ta ɗauke ni tun yaye ta riƙe. Tsakanina da shi akwai zana, magana kuma sai ta bi ta bakin wani. Na dai leƙa ta hudar zanar, na hango shi kishingiɗe kan buzu a rumfarsa, ƙafar naɗe da tsohon rawani, yana korar ƙuda da mafici.

Wari biyu iska ta kawo mini. Ɗaya na san shi fiye da kowa a duniya. Ɗayan ba zan rubuta shi ba.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

A bayan kayen labo, littafin da muke rubuta sakamakon gwaji, nake wannan rubutu, don shi kaɗai na taho da shi. In malaminmu ya buɗe wata rana ya gani, shi ya jiyo.

Shekara biyu ina aiki kan nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da ke bayan garkenmu. Ana dafa ta cikin tukunya mai murfi, tururi ya bi ta bututu ya huce, mai ya taso saman ruwa. Buhu uku na ciyawa ba sa ba ka rabin kofin shayi. A labo muna da ɓeraye farare ashirin da huɗu, kashi huɗu, shida-shida. Mu muke sa musu ciwon sukarin da allura. Kowace safiya a auna nauyinsu, a ɗura musu man, a tsaga wutsiya a ɗauki ɗigon jini. A gwajin farko sukarin ya sauka. Ya sauka a ɓera, mai nauyin garam ɗari biyu, cikin keji, na kwana goma sha huɗu. Ban taɓa cewa mutum ba.

Amma tun kafin in karya kumallo mata uku ke zaune ƙofar bukkar Goggo, kowace da kwalbarta. Ɗaya daga can gaban Dungas ta tako, ta ce sukari ya cinye idon mijinta. Na ce mata ba ni da shi, kuma ko ina da shi ba zan bayar ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaure kwalbarta a bakin zane ta ce ashe boko rowa yake koya wa mutane. Ya yi mini ciwo, wallahi ya yi. Amma ban ba ta ba, kuma gobe ma in ta dawo ba zan ba ta ba.

Na tare ƙanena Hammadu a bakin rijiya.

Na ce, "Kai Hammadu, wa ya aike ka kasuwar Dungas ka yi shela?"

Ya ce, "Adda, ƙarya na yi? Ba ke kika ce ya sauka ba?"

"A ɓera na ce!"

"To ɓera ba jini gare shi ba?"

Ƙaton mutum mai mata da 'ya'ya biyu! Da guga na hannuna da na kwaɗa masa.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zaunar da Goggo na ba ta saƙo, na maimaita sau uku kamar mai koya wa yaro Fatiha. Ki ce masa ya daina shan man nan yau. Ki ce masa ya daina zuba shi a ciwon, ƙona nama yake. Ki ce masa ya koma kan ƙwayarsa, gobe a kai shi asibiti. Ta ce ta ji. Na ce faɗi in ji. Ta faɗa daidai.

Na bi bayanta na tsaya jikin zana. Ta yi sallama, ta zauna, ta tambayi shanu, ta tambayi jan bijimin da ke ɗingishi. Sannan na ji ta ce, "Yarinyar nan tana gaishe ka da jiki. Ta ce in da hali a ɗan rage, kada ya yi yawa."

Baffa ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan fa! Da ta fito na ja ta bayan rumbu.

Na ce, "Goggo, haka na ce miki?"

Ta ce, "Ke Zulfa, ki shiga hankalinki. In je gaban ƙanena in ce 'yar cikinsa ta ba shi umarni? A wane gida aka taɓa yin haka? Na faɗa masa yadda kunne zai ɗauka."

"Ƙafarsa ruɓewa take, Goggo!"

"Kul! Kada ki sake yi masa wannan baki."

Ita ta goye ni, ba zan ɗaga mata murya ba. Amma na tafi bayan garke na ɗaga wa shanu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan asuba

Ba ni na ba shi ba.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Na je Dantchiao na roƙi Majo Isufu, babban ma'aikacin jinya na can, ya biyo ni a babur ɗinsa. Shi ke ba Baffa ƙwaya tun farkon ciwon, sun saba. Baffa ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka dama masa fura. Ina bayan zana ina jin komai. Da kyar ya miƙa yatsa aka soka. Na ji na'urar awo ta yi ƙara.

Majo ya ce wa Baffa, "Gidaɗo, sukarinka garam huɗu da wani abu. Wannan ba na zaman gida ba ne. Bari in ga ƙafar."

Baffa ya ce, "Ƙafa da sauƙi."

"To ka bar ni in gan ta in yi murna."

Ya bari ya kwance rawanin rabi. Rabi kawai. Da Majo ya kawo maganar asibitin Magariya, sai Baffa ya ce da muryarsa ta kullum, wadda ba ta hawa ba ta sauka, "Majo, mun gode. Muna da magani a gida yanzu."

Na ciji hannuna don kada in yi ihu.

Na raka Majo har bakin hanya. Ya ce yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara. Ya ce in aka kai shi satin nan, ƙila yatsa kawai za a taɓa. In aka wuce haka, shi ba zai yi mini alkawarin komai ba. Ya bar ƙwayoyi da magungunan wanke ciwo. Da ya hau babur sai ya juyo ya ce, "Malama, ke da kika yi karatu, yaya aka yi man labo ya zo hannun tsoho?"

Na ce masa ya yi hankali da yashin gangaren nan, yana kayar da mutane.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Sai na hau tudu nake samun rezon waya. Salima, abokiyar aikina da na bar wa ɓerayen, ta kira sau biyar. Maganar kashi na huɗu ce, waɗanda muka fi ba man a gwaji na biyu. Ta faɗa mini abin da ta tarar jiya da safe, da abin da ta tarar yau. Ta ce ta buɗe su ta duba hanta. Ta ce, "Zulfa, kina jina?" Na ce ina ji.

Akwai shafin da aka tanada don irin wannan a gaban kaye. A can zan rubuta, ba a nan ba.

Ƙwayoyin Majo suna nan cikin ledarsu, rataye a jikin rumfa. Na ƙirga su daga hudar zana, babu wadda ta ragu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, magariba

Ya yi amai sau biyu. Goggo ta ce maganin ne ke fitar da ciwon.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Na ce wa Hammadu ya sato mini kwalbar. Ya ce tana cikin aljihun rigar Baffa tare da carbinsa, ko wanka zai yi da ita yake zagayawa. Na ce to ya tara maza su ɗauke shi da ƙarfi su sa a amalanke. Ya zaro ido kamar na ce ya yanka shi.

Muka yi ta yi. Na kira shi rago, na kira shi matsoraci, na ce in tsohon nan ya rasa ƙafa alhakin na wuyansa. Sai ya aje sandarsa ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba in muna faɗa.

Ya ce, "Adda, ke ba ki zauna a nan ba, ba ki san komai ba. Shekara nawa ana yi wa Baffa dariya a kanki? Ardo Manzo har a gaban jama'a ya ce masa ya kai mace karatun lakwal ya bar shanu ba mai tatsa. Duk bijimin da ya fita garken nan don karatunki, sai an yi sati ana zancensa a bakin rijiya. Bai taɓa tankawa ba. Ranar da ya sami kwalbar nan, kin san abin da ya yi? Ya sa babbar riga ya je wajen Ardo, ya buɗe ta ya ce shinshina. Ban taɓa ganin haƙoran Baffa a waje irin na ranar ba."

Na ce, "To sai me?"

"Yanzu in ya hau amalanke ya tafi asibiti, me ya faɗa wa duniya? Ya ce maganin 'yarsa ƙarya ne. Ba zai yi ba, Adda. Ya san ƙafar ta lalace, ba yaro ba ne. Ke yake rufa wa asiri."

Ban roƙe shi ba. Wa ya ce ya rufa mini asiri? Ni na ce ina so? Ya riƙe asirinsa ya ba ni ƙafar.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Zazzaɓi tun jiya. Bai fita sallar asuba ba, a zaune ya yi ta. Shanu sun tsaya bakin garke suna kallon rumfarsa har Hammadu ya kora su.

Na tsaya jikin zana na yi magana da ƙarfi, wai da Goggo nake. Na ce man nobe ba a gama gwada shi ba. Na ce ko masu ilimi suna kuskure. Na ce asibitin Magariya ba nisa. Ya yi tari sau ɗaya, sannan na ji ya ce wa matar Hammadu ta kawo masa madara. Na ji ƙarar murfin kwalbar da kunnena.

Matar nan ta gaban Dungas ta sake dawowa. Na sake hana ta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hantsi

To, bari in rubuta, tun da kayen nawa ne.

Ba na miƙa wa Baffa abu hannu da hannu. Duk sanda na zo daga birni sai in jira ya fita wajen shanu, in aje tsarabarsa kan buzu, in fito. Ganyen shayi, sabulu, wata rana tocila. Ba ya cewa komai. Kashegari sai in ji ƙamshin shayin daga rumfarsa, godiyar ke nan. Abin da aka aje kan buzu nasa ne, kuma don ya yi amfani da shi aka aje. Kowa a rugar nan ya san haka, ni ma na sani.

Ƙarshen Satumba da na zo yankan nobe, a nan bayan garke na tatsi man. Ranar da zan koma na aje shayi da sabulu kan buzun. Har na juya, sai na dawo. Na buɗe jaka na ɗauko ƙaramar kwalba ɗaya na tsayar da ita a tsakiyarsu. So nake ya gani. So nake ya buɗe ya shinshina, ya san ciyawar da yake takawa kullum 'yarsa ta fitar da wani abu daga cikinta. Shekara ashirin ina karatu ban taɓa kawo masa abin da zai riƙe a hannu ba. Takardun da ake ba ni da Faransanci suke, a akwatin Goggo suke kwana.

Bai tsaya nan ba. Da ya dawo yana alwala a bayan zana, ina sane yana nan, na ɗaga murya ina ba Goggo labari. Na ce sukarin ɓerayen ya sauka. Na ce malaminmu ya yaba. Na ce wata rana masu wannan ciwo za su huta da ƙwaya. Goggo tana bakace gero, ko a jikinta, ina ruwanta da ɓera. Ba da ita nake ba. Da shi nake, kuma ya ji.

Kwana goma ina zagin Hammadu, ina harar Goggo. Ni na ba shi.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na hau tudu na ce wa Salima ta turo mini hotunan. Duka, har na hantar.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi.

Da aka sauko daga masallacin Dantchiao maza suka biyo dubiya, sun kai goma sha biyu, Ardo Manzo a gaba. Suka cika rumfar Baffa, Hammadu na dafa musu shayi. Na ja mayafi, na cire takalmi, na nufi ƙarshen zana. Goggo ta gane. Ta riƙe mini zane ta ce, "Zulfa, don nonon da ban ba ki ba amma na raine ki, kada ki tona mu." Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na wuce.

Ardo ya ce, "Ke, lafiya? Ɓatan hanya kika yi?"

Na durƙusa gaban buzun, kusa har ina jin zafin jikinsa. Na ce, "Baffa." Shekarata ashirin da takwas, yau na fara faɗar kalmar nan ina kallon fuskarsa. Ya rame ƙwarai. Ya juyar da kai ya kafa wa ginshiƙin rumfa ido.

Na ce, "Baffa, man nan ba magani ba ne. Ni na kawo shi, ni na aje shi, kuskure na yi. Ɓeraye shida na fi ba shi, huɗu sun mutu. Hantarsu ta lalace."

Na buɗe hotunan na miƙa wa na kusa da ni salula. Ta yi ta zagawa hannu zuwa hannu, ana salati. Wani daga baya ya ce ashe guba yarinyar ta kawo wa ubanta. Ardo ya riƙe salular nesa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gidaɗo, ai mun faɗa."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na juya gare su na ce, "E, kun faɗa, kuma kun yi gaskiya. Ku je ku ƙara faɗa a Dungas, ku faɗa a Magariya. Ku ce 'yar gidan nan ba ta iya komai ba, karatunta na banza ne. Na yarda, ni na ce ku faɗa. Yanzu babu sauran abin da za a rufa."

Sai na kai hannu na kama bakin rawanin da ke naɗe a ƙafar na fara kwancewa. Hammadu ya ce, "Adda!" Ban saurare shi ba. Baffa bai janye ƙafar ba, ina jin ba shi da ƙarfin janyewa. Da na ɗaga zagaye na ƙarshe, waɗanda ke kusa suka ja baya, wasu suka kai hannun riga hanci. Yatsu uku. Baƙin ya hau har tsakiyar ƙafa. Ardo da kansa ya ce innalillahi.

Na ce, "Ku da kuke zuwa dubiya kullum kuna cewa da sauƙi, ga sauƙin nan ku gani."

Can sai Baffa ya yi magana, idonsa na kan ginshiƙin.

Ya ce, "Ardo, ku yi haƙuri. Yarinta ce."

Na tashi na fito. Sai da na kai bayan garke na yi kukan, don ba za su gani ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, azahar

Ba mai yi mini magana. Goggo ta dama fura ta raba wa kowa, ta tsallake ni. Matar Hammadu in ta hango ni sai ta canza hanya. A bakin rijiya, an ce, ba zancen da ake sai na 'yar fari da ta tsaya gaban ubanta ta yaye masa rawani a cikin maza.

Su yi ta yi. In aka mayar da ni jiya, haka zan sake yi. Abin da kawai nake nadama shi ne ban yi tun ranar da na iso ba. Kwana goma sha ɗaya na ɓata ina aika saƙo.

Bai ce zai tafi ba. Bai ce ba zai tafi ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan asuba

Na fito alwala na tarar da kwalbar a ƙofar bukka, tsaye kan faifai, saura kaɗan a gindinta. Tun da nake aje masa tsaraba bai taɓa mayar da ko tsinke ba. Na ɗauka na zuba sauran cikin yashi. Abin da na nema ke nan, amma na ji kamar an mare ni.

Rana na fitowa na ji shi yana ce wa Hammadu a ɗaura wa bijimi amalanke.

Lahadi, la'asar

Amalanke zuwa Dantchiao, daga nan Majo Isufu ya sama mana ambilans. Hammadu ya shiga baya tare da shi, ni na zauna gaba kusa da direba. Har muka iso Magariya ban waiwaya ba. An kwantar da shi, an sa masa ruwa da allurar sukari. Goggo ba ta zo ba, amma na tarar da ƙwaryar fura ɗaure cikin kayana.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Likitan fiɗa ya zo da hantsi, ya duba, ya danna nan ya danna can yana tambayar Baffa ko yana ji. Ni ina tsaye bakin ƙofa, a bayan gadon, inda ba sai ya gan ni ba. Likita ya ce yatsun uku sun tafi, da rabin ƙafar ta gaba. In aka yanke yau, diddige zai tsira, zai taka da sanda. In aka jira, sai dai daga gwiwa. Bin shanu daji kuwa, ya ce a manta da shi.

Ya fito da takarda ya ce sai wani na gida ya sa hannu. Ya dubi Hammadu, tun da shi ne namiji, ya miƙa masa bik ɗin rubutu. Hammadu ya miƙa hannu zai karɓa.

Baffa ya ɗaga yatsa ɗaya, Hammadu ya tsaya.

Ya ce, "Likita, akwai mai karatu a gidanmu. A ba ta takardar ta duba. In ta ce a yanke, a yanke. In ta ce a bari, a bari."

Likita ya waiwayo yana neman wadda ake nufi. Wallahi haushi ne ya fara kama ni. Bayan kwalbar, bayan ɓerayen, bayan abin da na yi masa gaban Ardo, mutumin nan bai koyi komai ba. Na so in ce masa kada ya ƙara yarda da ni haka, yardar nan ce ta kawo mu ɗakin nan. Sai na ga bayan wuyansa yadda ya zama siriri, na fasa.

Na karɓi takardar. Na karanta ta layi-layi, sau biyu. Na tambayi likita daga ina zuwa ina, na sa ya zana mini da bik a kan ƙafata. Na tambaye shi ko akwai wata hanya, ya ce babu. Na sake tambaya, ya sake cewa babu. Duk wannan Baffa na kwance yana kallon bango, yana jira, ko motsi bai yi ba.

Na ce a yanke, na sa hannu.